BAƘO DA TUKUNYAR UWARGIDA

 Yau zancen namu na tukunya ne, amma ta fuskar tarihi. Tambayar ita ce, yaya aka yi abincin da kakanninmu suka rayu a kansa ya koma abin ɓoyewa idan an yi baƙo, shi kuwa abincin da a da sai baƙo ya zo ake ganinsa ya zama shi ne na kullum? Zan ɗauki misali da ƙasar Gwandu da Kabi, tun daga Dodoru da Kambaza da Dalijan har zuwa Kalgo da Birnin Kebbi da Argungu, domin kuwa ƙasa ce da baƙi suka daɗe suna takawa, daga fatake da almajirai har zuwa 'yan yawon buɗe ido masu rataye da kyamara. Sai ki gyara zama, ki biyo ni a hankali.

CIMAR MUTANEN DA

Shi kansa sunan Gwandu, masana tarihi sun ce daga gandu ya samo asali, wato gandun noman Kanta Sarkin Kabi, wanda ya yi zamani a ƙarni na 16. Kin ga ke nan tun fil azal ƙasar abinci ce. A tudu ana noma gero da dawa da maiwa da wake, a fadama kuma shinkafa. Da safe ɗumame ne ko kunu, da rana a dama fura da nonon da Fulani suka kawo, da dare kuma tuwo da miyar kuka ko ta guro ko ta sure, wato abin da mutanen Kano ke kira kuɓewa da yakuwa. Abin da ke ɗaga miya shi ne daddawar kalwa ko ta batso, da ɗan man shanu, da busasshen kifin da Sarkawa suka banda a bakin gulbi.

Ita shinkafar ma ba baƙuwa ba ce. Jar shinkafar nan ta fadama tamu ce ta Afirka, masana sun nuna a yankin kogin Kwara, can wajen ƙasar Mali ta yanzu, aka fara nomanta kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Sai dai ga mutumin tudu tuwon shinkafa na sallah ne da biki da saukar babban baƙo. Abin lura a nan, 'yar uwa, kusan duk abin da ke shiga tukunyar matar wancan zamani daga rumbu yake fitowa, ko daga bayan gida, ko kuma a ba Bafillatana hatsi ta ba da nono. Ba sai maigida ya laluba aljihu kafin a ɗora sanwa ba.

BAƘIN FARKO

A shekarar 1805 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa suka sauka Gwandu, daga baya garin ya zama mazaunin ƙanensa Malam Abdullahi, wanda ya riƙe yammacin daula. Daga nan sai Gwandu ta zama matattarar malamai da almajirai da manzanni daga Nufe da Ilori da ƙasar Zabarma, kuma har gobe masu ziyara ba su daina zuwa hubbaren Malam Abdullahi ba. Ga kuma kasuwar Jega a kusa, inda ayarin fatake ke yada zango a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja, cikin ƙasar Gana ta yau. Su tafi da tufafi da kanwa da busasshiyar albasa a kan jakuna, su yi watanni, su komo da goro. Gishiri kuwa daga Foga ake kawo shi, a ƙasar Nijar ta yanzu.

To dubi goro. Ba ya tsira a ƙasarmu, ɗan kurmi ne, fatake suka ɗauko shi. Amma yau wa zai ɗaura aure ko ya raɗa suna babu goro? Baƙo ya zama ɗan gida har ya fi 'yan gida faɗa a ji. Haka in kika saurari sunayen wasu abubuwan da ke madafarki za ki ji suna faɗa miki inda suka fito. Albasa da alkama da alkaki da gurasa duk kalmomin Larabci ne da bakin Bahaushe ya lanƙwasa. Masara da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir kuwa asalinsu daga nahiyar Amurka ne, ba su ƙetaro teku ba sai bayan shekarar 1492, sannan suka biyo hannun 'yan kasuwa sannu a hankali har suka iso mu. Ashe ƙuli-ƙulin nan da yajin da muke tinƙaho da su a matsayin kayan gado, su ma akwai lokacin da kakannin kakanninmu ba su san su ba.

A shekarar 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya sauka Gwandu ya yi sama da mako biyu a kan hanyarsa ta zuwa Tumbutu. In da a yau ne da sai mu ce ɗan yawon buɗe ido ne, ko da yake shi bincike ya kawo shi. A cikin labarin tafiyarsa ya ambaci ayabar da ake nomawa a kwarin garin, ya kuma yaba albasar Gwandu ƙwarai saboda girmanta da kyanta, har ya shawarci matafiya su yi guzurinta. Kin ji fa. Baƙon da ya keto sahara bai zo da tukunyarsa ya ce a koya ba, abin da ya tarar shi ya ci, ya yaba, ya ƙulle a kayansa. Har yanzu kuwa wannan yanki, musamman Aliero, shi ne gidan albasa.

ZUWAN TURAWA

Da Turawan Ingila suka ci ƙasar nan a 1903, aka mayar da fadar Sarkin Gwandu Birnin Kebbi, sai aka sami wani irin baƙo daban. Wannan shi ba ya cin abin da ya tarar. Da gwangwanayensa yake tafe, da fulawarsa da sukarinsa da ganyen shayinsa, yana zaune a bariki, kuku na dafa masa. To su kukun nan da boyi-boyi da masinja 'ya'yan wasu ne, mazajen wasu ne, abin da suka gani a bariki shi suke kawowa cikin gari. Ma'aikatan En'e da 'yan makarantar kwana su ma suka ɗauka. Da haka shayi da burodi suka zama karin kumallon wanda ya waye, koko da ƙosai kuwa na wanda bai je ko'ina ba. Tun daga wannan lokaci abinci ya fara zama tufafi, wato abin da mutum ke nuna matsayinsa da shi.

BIKIN ARGUNGU

Babban abin da ya jawo 'yan kallo daga nesa zuwa wannan ƙasa shi ne bikin kamun kifi na Argungu, kuma shi kansa bikin saboda baƙo aka fara shi. Kabawa da Sakkwatawa sun shafe shekaru fiye da ɗari ba sa ga maciji. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar sada zumunci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya ga babu abin da zai karrama babban baƙo irin wannan da shi da ya wuce arzikin gulbi. Aka tara masunta, suka faɗa ruwa da homa da gora, aka fito da manyan kifaye. Al'adun ruwa irin su gyaran ruwa da fashin ruwa dama akwai su tun da, amma daga wannan ziyara ne abin ya zama taron da ake gayyatar mutanen nesa.

Sannu a hankali biki ya bunƙasa. A 1970 shugaban ƙasa Janar Yakubu Gowon ya halarta tare da shugaban Nijar Diori Hamani, gwamnati ta shigo ciki sosai, aka gina masaukin baƙi, aka ƙara da baje kolin amfanin gona da dambe da kokawa da wasannin Kabanci. Turawa da mutanen Kudu da 'yan jarida suka riƙa cika gari a watan Fabrairu ko Maris, su kalli dubban masunta sun ruga cikin Matan Fada, su leƙa gidan tarihi na Kanta, su koma. A 2005 kifin da ya ci gasa kilo 75 ya yi, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

To ina ruwan matar Dodoru ko ta Kalgo da wannan, ita da ba a kofar gidanta ake yi ba? Ai kuwa da ruwanta. Maigidanta ya je kallo, ɗanta ya je kamu ko dako, 'yarta ko ƙanwarta ta kai talla, kuma duk wanda ya je ba ya dawowa da ido biyu kawai, da labari yake dawowa. Ta hanya huɗu baƙin nan suka taɓa tukunyarmu.

Ta farko ita ce kunya. Addini da al'ada sun hore mu da girmama baƙo, har Hausawa na cewa baƙonka annabinka. Sai dai girmamawar ta rikiɗe ta zama jin nauyin abin da muke da shi. A da in baƙo ya sauka, ruwa ake fara ba shi a sabuwar ƙwarya, a biyo da fura mai sanyi. Da aka ga manyan baƙi a rumfar sarki da kwalaben lemo a gabansu, sai ƙwarya ta fara jin kunyar fitowa zaure. Kamfanin da ke yin Coca-Cola a Nijeriya an kafa shi tun 1951, amma kwalbar ba ta zama dole a karɓar baƙo a ƙauyukanmu ba sai da aka ga manya na yi. Yau sai ki ga mace ta ci bashi ta aiki yaro sayen lemo, alhali ga dawo da kindirmo a ɗaki.

Ta biyu ita ce talla. Mai sayar da abinci harshen mai saye take bi. Baƙo daga Ikko ko Inugu bai saba da miyar sure ba, shinkafa da miyar tumatir yake nema, ko dafa-duka, ko soyayyen ƙwai da burodi. Yarinyar da ta yi kwana huɗu tana dafa wannan ta ga ya fi kawo kuɗi, in ta koma gida hannunta ya riga ya karkata, ranar da ta yi aure kuma da shi za ta burge ango.

Ta uku ita ce tsada. Duk inda mai kuɗi ya shigo kasuwa, mai kyau nasa ne. Giwan ruwa da ragon ruwa da manyan tarwaɗa sai su bi motar baƙi da dillalai, mai gulbi ya koma cin ƙanana. Masunci ya sami kuɗi, wannan gaskiya ne, kuma alheri ne, amma sau da yawa kuɗin a shagon mai kanti suke ƙarewa, a sayo taliya da kifin gwangwani. Sai ka ga gidan da ya sayar da ɗanyen kifi yana miya da na gwangwani, abin mamaki ba ya ƙarewa.

Ta huɗu kuwa alheri ce tsantsa. Baƙon kirki abin da babu a garinsu yake nema. Shi ya sa za ki ga yana cigiyar kilishi da bandar kifi da masa da zuma da man shanu don tsaraba, yana tsugunawa gaban mai fura yana ɗaukar hoto. Sau tari sai baƙo ya yaba abu sannan mai shi ke sanin darajarsa, kamar dai yadda Abdulkarim ya yi wa albasar Gwandu.

LAIFIN BAƘO NE KAƊAI?

A nan sai mu yi adalci. Bikin kwana huɗu a shekara ba zai iya juya tukunyar ƙasa guda shi kaɗai ba, akwai abubuwan da suka taya shi. Kamfanin Flour Mills ya fara niƙa alkamar waje a Apapa a 1962, burodi ya yi arha ya bazu. Kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, aka yi rabon Udoji, jiragen ruwa suka yi ta sauke farar shinkafa daga Amurka da Tailan, har ta zama ita ce shinkafa, tamu kuwa aka koma kiranta ta Hausa, ana yatsina fuska wai tana da tsakuwa. Ɗunƙulen Maggi, wanda asalinsa daga ƙasar Suwizalan ne, ya shiga kowace kasuwar ƙauye ya ture daddawa gefe. Indomie ta shigo a ƙarshen shekarun 1980, a tsakiyar shekarun 1990 aka kafa masana'antarta a Ota ta jihar Ogun, yara suka same ta suka riƙe.

Gulbin ma ya canza. Madatsar ruwa ta Bakolori da aka gama a 1978, da ta Goronyo da ta biyo baya, sun rage ambaliyar da ke shayar da fadama kowace shekara, wadda ita ce rayuwar jar shinkafa, kuma a cikinta kifi ke hayayyafa. Ga kuma sababbin baƙi masu daɗewa: 'yan hidimar ƙasa tun daga 1973, ma'aikatan da suka cika Birnin Kebbi bayan an ƙirƙiro jihar a ranar 27 ga Agusta 1991, da ɗaliban jami'ar tarayya da aka kafa a 2013 wadda mazauninta ke wajen Kalgo. Mu kanmu in mun je aikin Hajji ko Umara baƙi ne a can, mu dawo da dabino da kayan shayi da sha'awar shinkafar Larabawa.

Ga wata hujja da za ta nuna miki gaskiyar lamarin. Bayan bikin 2009 an daina taron Argungu har tsawon shekara goma, ba a sake yi ba sai a watan Maris na 2020. A tsawon wannan lokaci 'yan kallo sun ɗauke ƙafa, amma ko kin ji an ce matan Kabi sun koma daka daddawa sun bar ɗunƙule? Ko kusa. Ashe baƙo ƙofa kawai ya buɗe, ya nuna abu ya tafi abinsa. Wadda ta ce wa abin shigo ka zauna, mu ce, ni da ke.

Kuma ba a banza muka karɓa ba, kada a ɗora mana laifin lalaci. Wadda ta san surfe da wanki da shanya da niƙa da tankaɗe da tuƙi, ga ɗebo ruwa ga neman itace ga goyo a baya, ita ta san dalilin da ya sa taliyar minti biyar ta yi farin jini. Sauƙi ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne me muka bayar a madadinsa.

ABIN DA MUKA BAYAR

Na farko lafiya. Kwalbar lemo guda mai santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 9. Ɗunƙulen miya kuwa kusan rabinsa gishiri ne, ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Ki lissafa ɗunƙule nawa kike jefawa a miya, sannan ki ƙara gishiri a kai. Hawan jini da ciwon sukari da a da ake cewa ciwon masu kuɗi ne, yanzu ga su har ƙauye. Gero yana da sinadarin ƙarin jini da dusar da ke gyara ciki fiye da farar shinkafar da inji ya goge tas. Gumin da matanmu ke yi wa shinkafa, wato turara ta da ƙaiƙayinta kafin a sussuka, yana tura amfanin da ke jikin bawo zuwa cikin ƙwaya, hikima ce babba ko da iyayenmu ba su karanta ta a littafi ba. Yaron da aka yaye da kunun gero da gyaɗa da garin busasshen kifi, ba za a haɗa shi da wanda aka yaye da taliya tsura da ruwan shayi ba.

Na biyu rufin asiri. Abincin rumbu ba ya jin tashin dala. A 2024 buhun shinkafa mai kilo 50 ya haura naira dubu 80 a kasuwanni da yawa, gidajen da yaransu ba su san komai ba sai shinkafa da taliya sun ji jiki, har ta kai ana samun saɓani tsakanin miji da mata a kan kuɗin cefane. Matar da yaranta suka saba da tuwon dawa da dambu da ɗanwake da kwaɗon zogale ta fi samun wurin juyawa.

Na uku sani. Daddawa ba a littafi ake koyonta ba, a gindin murhu ake koyo, daga dafa kalwa zuwa surfa ta zuwa rufe ta ta kwana biyu ko uku har ta nuna. Ranar da tsohuwar da ta iya ta kwanta dama ba ta koya wa kowa ba, shi ke nan an rufe da ita.

Abin sha'awa, duniya ta fara juyowa wajen abin da muka raina. A watan Nuwamba na 2015 a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya, a ƙarshen 2016 mutanen Ikko suka yi layi suna sayen shinkafar Kebbi da sunan Lake Rice, a 2017 kuma aka buɗe babban injin casar shinkafa na WACOT a Argungu. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware shekarar 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, saboda jurewarsa ga fari da amfaninsa a jiki. Geron nan dai da ke cikin rumbun babanki.

Don haka 'yar uwa, ba cewa nake ki zubar da shayi ki fasa kwalba ba. Tarihi ya nuna mana kakanninmu sun karɓi goro da albasa da barkono da gyaɗa, amma suka sa su a ƙarƙashin tuwo, ba su ɗora su a kansa ba. Ki yi koyi da su. Ki dafa shinkafarki ranar da ta samu, ki kuma ware kwanakin tuwo a mako. Ki rage ɗunƙule ki ƙara daddawa. In kin yi baƙo, ki wanke ƙwaryarki fes, ki dama fura da ruwa mai tsabta, ki rufe da faifai mai kyau ki miƙa da sakin fuska, ai shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma mafi yawan abin da ke sa baƙo ƙyamar abincinmu rashin tsabta ne, ba ɗanɗano ba. Ke kuma budurwa, kafin a kai ki ɗaki, ki tsuguna gaban Inna ko Kaka ki koyi tuƙin tuwo da kaɗa miya da haɗa yajin daddawa, domin da tsohuwar zuma ake magani, kuma wata rana ke ce za a tambaya.

Allah Ya sa albarka a rumbunanmu da tukwanenmu, Ya ba mazajenmu abin da za su riƙe mu da shi ta hanyar halal, Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin summa amin. Wassalam.